Zabdi da Bunsurun Laifi

A bayan hamadar da ke gabas da ƙasar Kan'ana akwai wani kwari da bunsurai ke magana a cikinsa da muryar mutane. Ɗan Adam ɗaya ne ya taɓa shiga ya fito, shi ɗin ma ba da niyya ya je ba. Sunansa Zabdi, mutumin wani ƙaramin gari na Bani Isra'ila da ake kira Ayin-Sela, kuma aikin da ya gada wajen ubansa shi ne jan bunsurun laifi.

Ga yadda abin yake. Shekara-shekara akwai ranar da garin ke yin azumi, ba gona ba kasuwa. A ranar sai a kawo bunsuru a ɗaura masa jan zare a ƙaho, kowane baligi ya zo ya durƙusa ya raɗa masa a kunne laifin da ya fi ci masa rai a shekarar. In an gama, sai tsoho Ahitub, limamin hadayarsu, ya toshe kunnuwan Zabdi da kakin zuma, ya miƙa masa igiya. Shi kuma ya ja bunsurun zuwa ƙwanƙolin wani tsauni a jeji, ya tura shi ƙasa kafin rana ta faɗi, don ya isa hannun Azazel mai ajiyar laifuffuka. In kuwa rana ta faɗi bunsuru yana hannun mutum, kowane laifi sai ya koma kan mai shi, har da gyara. Amfanin kakin nan ba wanda ya taɓa gaya wa Zabdi. Ubansa ma cewa ya yi, "Toshe kawai, haka muka tarar."

A shekarar da nake ba ku labarinta, Zabdi ba shi da sauran walwala. 'Yarsa Tirza, ita kaɗai Allah ya ba shi, ta faɗa tsohuwar rijiyar da ke bayan wurin matse zaitun, aka ciro ta babu rai. Rijiyar nan tun kaka da kakanni akwai faffaɗan dutse a bakinta. Wani ne ya ɗauke shi. Wane ne? Zabdi ya bi gari gida-gida yana tambaya, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da haƙuri. Matarsa Milka kuwa tun daga ranar bakinta ya mutu. Ta dafa, ta share, ta kwanta, amma in ka yi mata magana sai ta amsa da kai. Abin yana cin Zabdi ƙwarai, ba ya son komai a duniya sai sunan wanda ya buɗe rijiyar nan.

Ranar azumi ta zo, aka yi raɗe-raɗe, aka toshe masa kunne, ya kama hanya. Tun kafin su wuce gonakin inabi ya ga abin mamaki. Bunsurun na bana ƙarami ne, amma sawunsa yana nutsewa cikin ƙasa sai ka ce na raƙumi da kaya. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi sharkaf, kakin kunnensa na hagu ya yi laushi ya fara masa ƙaiƙayi. Ya sa ɗan yatsa ya sosa. Ƙaiƙayi ne, ko kuwa zuciya ce ta aiki yatsan, ni dai ban ce komai ba. Kaki dai ya faɗo cikin rairayi.

Sai ya ji murya a bayansa, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Dutsen rijiyar nan, ranar da yarinyar Zabdi..."

Ya waiga a firgice. Babu kowa sai bunsuru yana tuƙa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi bunsurun, bunsuru ya ce, "Meee."

"Kai! Me ka ce?"

Bunsuru ya buɗe baki, sai muryar wata tsohuwa ta fito tana cewa ta tauye mudun sha'ir. Ya sake buɗewa, sai ga muryar saurayi yana kuka a kan matar maƙwabci. Zabdi ya durƙusa ya riƙe masa gemu yana roƙo, "Ba wannan ba, na farkon! Namiji ne ko mace? Ƙarasa mini!" Ina! Bunsuru ya ci gaba da zuba, wannan ya shiga cikin wancan, har Zabdi ya kasa tuna ko muryar farkon kauri gare ta ko siriri.

Haka suka isa ƙwanƙolin tsauni. A nan aikinsa zai ƙare, saura ya tura bunsurun ya juya gida. Amma hannu ya ƙi. Ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa, ya ce a ransa bari ya ɗan jira, rana da saura. Bunsuru kuwa ya san hanyarsa, bai nemi shawarar kowa ba, ya yi tsalle. Igiya ta fizgi Zabdi, suka tafi tare.

Ya yi zaton ƙasusuwansa za a tsinta, sai ya ji shi ya faɗa kan rairayi mai laushi. Kafin ya miƙe bunsuru ya ja shi cikin wani farin kogo mai santsi, dogo, ba kwana ba lungu. A ciki kowace murya ta rabu gida bakwai tana dukan bango tana dawowa. Ya ji "rijiyar nan" daga gaba, ya ji daga baya, ya ji daga sama, har ya fara amsa wa bango. Suka yi ta gudu har ƙafafunsa suka daina jin ƙasa. Da suka ɓulla ta ɗaya bakin sai ya waiwaya. Ashe ba kogo ba ne, ƙashin ƙwauri ne na ɗaya daga ƙattan da suka yi zamani kafin Ruwan Ɗufana, ga 'yan yatsun ƙafar can a jere kamar tuddai.

Ana wata ga wata. Bai gama mamaki ba sai duhu ya rufe duniya farat ɗaya. Zabdi ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo, na kashe garinmu! Rana ta faɗi!" Ya zauna ya yi kuka sosai, yana tuna Milka da abin da zai koma kanta, ko mene ne shi. Can sai wani abu ya faɗo gefensa, ƙasa ta girgiza. Ya shafa ya ji gashin tsuntsu ne, tsawonsa ya kai bishiyar dabino. Duhun ya ja gefe a hankali, sai ga rana tana nan daram. Fiffike ne ya tare ta, fiffiken Ziz, tsuntsun da ƙafarsa ke cikin teku kansa na cikin gajimare.

Zabdi ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira, "Gaisuwa gare ka, ya sarkin masu fiffike! Ina roƙon ka da Wanda ya halicce ka, saura nawa rana ta faɗi?"

Amsa ta sauko kamar tsawa daga nesa. "Ya kai ɗan ƙasa, a inda kaina yake rana ba ta taɓa faɗuwa ba. Tambayi na ƙasa da ni."

To, ka ji taimako. Zabdi ya dubi ranar, sai ya ga kamar a dama take, alhali ɗazu a hagu ya bar ta. Yamma ce ta koma gabas, ko shi ne ya juya? Ko kuwa an kwana an tashi bai sani ba? Kansa ya ɗaure tamau. Ya bar wa bunsuru zaɓin hanya, tunda shi ne mai hankali a cikinsu.

Suka iso wani kogi wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa. Duwatsu ne ke gudu, manya da ƙanana, suna karo da juna suna tartsatsin wuta. A gaɓarsa wata mace na zaune a kan kututture, gashinta har ƙasa, kyakkyawa ta gaske, sai dai ƙafafunta na mujiya ne.

Zabdi ya rusuna ya ce, "Aminci gare ki, ya uwar gaɓa."

Ta ce, "Amincin ya tsaya a wajenka, ɗan Adam, nan ba ma amfani da shi. Kai ne mai rakiyar bana? Sauran 'yan'uwanka a saman tsauni suke tsayawa."

"Ni ma ban san yadda na zo ba. Ina mashiga?"

"Babu. Wannan kogi kwana shida yake jifa, ba ya hutawa sai Asabar. Bunsurai ta sama suke bi in hannun mutum ya sake su. Kai ka ƙi saki, sai ka jira Asabar."

"Yau wace rana ce?"

Ta yi dariya ta ce, "Shi kansa kogin bai sani ba. Ƙararsa ta kurumtar da shi, lissafi ya ɓace masa tun zamanin da. Ni nake kunna masa fitila in Asabar ta shigo, yana ganin haske sai ya kwanta. Man fitilata na Asabar ne kawai, ba na taɓa shi. Amma ina jin ƙamshin zuma a jikinka. Ba ni abin da ke kunnenka na dama, in kunna masa, ka tsallake kafin ya ƙone."

Zabdi ya dubi igiyar da ke hannunsa. Gaba kura, baya sayaki. In ya saki igiya bunsuru ya tafi da sunan da yake nema, in ya tsaya rana ta faɗi a kansa. Ya ƙwaƙulo kakin ya miƙa mata. Ta ciri silin gashinta ta yi lagwani, ta hura masa numfashi ya kama. Duwatsun nan suka rage gudu, suka lafa, suka kwanta kamar tumaki a inuwa. Zabdi da bunsuru suka bi ta kansu suna tsalle. Suna dab da gaɓa kaki ya cinye, kogi ya farka a fusace, wani dutse ya fizge masa takalmi ɗaya. Bai tsaya nema ba.

Yanzu kunnuwa biyu a buɗe, sai ya jiyo wani gunaguni daga gaba kamar kasuwa ta cika. Suka hau tudu, sai ga kwarin a shimfiɗe. Bunsurai ne iya ganin ido, na kowane gari da kowace shekara, kowanne da jan zare a ƙaho, kowanne yana zuba da muryoyin mutanen da wasunsu ƙashinsu ma ya zama ƙasa. Warin kuwa, kada ma a yi zance. Zabdi ya sa hannu ya toshe hanci, a nan igiya ta zame. Bunsurunsa ya yi wuf ya shige cikin 'yan'uwansa.

Mutumin nan ya zama kamar mahaukaci. Ya kama wannan, ya ji yana magana da harshen Masar. Ya kama wancan, ya ji zancen satar jaki a garin da ya daɗe da rushewa. Duk kamarsu ɗaya, duk gemu ɗaya, duk zare ɗaya. Har ya fara shakka ko da ma ya zo da bunsuru, ko kuwa shi ne aka jawo.

"Wane ne ke tattaka mini garke?"

Muryar ta fito ne daga ƙarƙashin tarin duwatsu masu kaifi a tsakiyar kwarin. Zabdi ya matsa, ya ga sarƙoƙi sun fito daga tarin sun shige ƙasa, ya ga wata fuska an lulluɓe ta da baƙin mayafi, ba a ganin ko ƙwayar ido. Ya faɗi ƙasa ya ce, "Ni ne Zabdi, mai rakiyar Ayin-Sela. Kai ne Azazel?"

"Haka kuke kirana. An ɗaure ni a nan tun kafin a aza tubalin garinku, an sa ni gadin abin da kuka ƙi. Ajiyarka ba ta shiga hannuna ba, ya ɗan Adam, domin zuciyarka tana riƙe da ita ko da hannunka ya saki. Dubi rana."

Zabdi ya duba. Wannan karon babu ruɗu, ta yi ja, ta kusa taɓa bakin tudu.

Ya ce, "Ya ɓace mini a cikinsu."

"Kira abin da ka biyo, zai zo."

Zabdi ya buɗe baki, sunan da ya yi wata da watanni bai furta da ƙarfi ba ya fito. "Tirza!" Kwarin ya yi tsit. Bunsuru ɗaya ya ratso garke yana jan igiya, ya tsaya a gabansa.

Azazel ya ce, "Biyu ne, zaɓi ɗaya. Ka ce ka sallama shi, in karɓa duka, ka koma da duhunka. Ko ka saurara. Amma ni ba na ajiye abin da kunnen mai rai ya ji dalla-dalla. Abin da ka ji naka ne, kai za ka ɗauka har kabari. Ba zai koma kan masu shi ba muddin bakinka a rufe yake. Ranar da ka taɓa zancen, da zargi ko da lallashi, ranar zai sauka a kansu."

Mai hankali da ya sallama. Amma wa ya ce uba mai neman jinin 'yarsa yana da hankali? Zabdi ya ce, "Zan ji."

Bunsuru ya buɗe baki. Wannan karon muryoyin suka fito ɗai-ɗai, tas, ba mai shiga cikin wata.

Muryar mai matse zaitun ta ce, "Dutsen rijiyar nan, ranar da yarinyar Zabdi ta mutu, ni na ɗauke shi in danne zaitun da shi. Na ce zan mayar kafin azahar. Ni na kashe ta."

Zabdi ya miƙe zumbur, idanunsa sun kaɗa. Ga shi nan, ya samu! Sai wata murya ta biyo baya, ta maƙwabciyarsu mai saƙa. "Na ga rijiyar a buɗe, na ga yara suna wasa kusa, na ce bari in sauke tulu in dawo. Na manta. Ni na kashe ta."

Makiyayin garin ya ce, "Na ji kuka daga wajen, na ce ɗan akuya ne, ba nawa ba. Ni na kashe ta."

Sai muryar tsoho Ahitub tana rawa. "Ni na aike ta ta tsinko mini ganyen tsarki a bayan wurin matse zaitun, don gwiwata tana ciwo. Ni na kashe ta."

Suka yi ta zuwa. Wanda ya ari igiyar guga bai mayar ba, aka ɓata lokaci wajen nema. Wadda ta ce ta ga yarinyar ta nufi gonakin inabi, aka tafi nema can. Zabdi yana juyawa daga murya zuwa murya da dunƙulallen hannu, ya rasa wanda zai kai wa. Da kowace murya sai ya ji wani abu ya sauka a ƙirjinsa ya zauna.

Ta ƙarshe ƙarama ce, da ƙyar take fita, amma ko a cikin dubu zai gane ta. Milka ce. "Tana ta jan zanena ina kwaɓa gurasa, tana son ta nuna mini wani abu a hannunta. Na ce, fita ki ba ni wuri, kin ishe ni. Ban ko duba hannun ba. Ni na kashe ta."

Bunsuru ya rufe baki. Zabdi ya zube a gwiwa, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ya mai ajiya, to wane ne? A cikinsu wane ne?"

"Ni mai gadi ne, ba alƙali ba. Tun da aka ɗaure ni ake kawo mini irin wannan, ban taɓa ganin wanda ya zo da amsarsa ba. Sallama sauran laifuffukan, rana na taɓa tudu."

Ya ce, "Na sallama." Bunsuru ya juya ya shige garke, sawunsa ko alama ba ya bari a ƙasa. Wata iska ta ɗauki Zabdi, bai san sama ba bai san ƙasa ba, sai ya gan shi a ƙwanƙolin tsauni da takalmi ɗaya, jan rana na ƙarshe yana nutsewa.

Tafiyar komawa ta yi masa tsawo, domin ƙirjinsa ya yi nauyi har ya ranƙwafa. Da safe ya wanke jikinsa da tufafinsa a rafin bayan gari kamar yadda al'ada ta ce, ya shiga. Gari ya cika da kiɗa. Mai matse zaitun ne ya fara rungume shi, yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Sannu da aiki, ɗan'uwa! Rabona da barci irin na jiya tun bara." Mai saƙa ta kawo masa ɓaure. Tsoho Ahitub ya dafa kansa ya sa masa albarka. Zabdi yana kallon fuskokinsu, bai san ko ya shaƙe su ko ya yi kuka tare da su ba. Ya amsa gaisuwa kawai. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yana sa ƙafa a gida ya ji abin da ya tsayar da shi cak. Milka ce ke 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a bakin murhu. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Tirza. Ina ɗaya takalmin?"

Magana ta cika masa baki. So yake ya kama hannunta ya ce ba ke ba ce, kowace uwa tana faɗin haka, ni ban riƙe ki da komai ba. Kalma ɗaya daga ciki ta isa ta mayar mata da kayanta. Ya haɗiye maganar.

Ta ɗauko ɗan tsinke, domin matar mai rakiya ita ke cire masa kaki in ya dawo. Shi kam ya manta da wannan sam. Ta zaunar da shi, ta karkata kansa wajen haske, ta leƙa kunnen hagu. Ta juya shi ta leƙa na dama. Hannunta ya tsaya a kan kuncinsa, ya ji yatsun sun yi sanyi.

Ya ce, "A hanyar dawowa ya narke."

Ta daɗe tana kallon sa, shi kuma yana kallon ƙasa. Leɓenta ya motsa kamar za ta yi tambaya, shi kuwa yana roƙon Allah a ransa kada ta yi. Can ta ajiye tsinken a hankali.

Ta ce, "Ai an yi rana jiya. Taso ka ci gurasa tun da zafinta."